Mu a Saint-Denis muke kwana, ba a Faris ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan garin da nake zaune a ƙasar Faransa. Ina karanta jaridarku a waya, ina kuma sauraron gidajen rediyon Hausa, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka buga babban wasa a filin Stade de France, sai in ji an ce a birnin Faris aka yi shi. Filin nan ba a Faris yake ba. A garin Saint-Denis yake, arewa da Faris, gari mai magajin garinsa da majalisarsa da kasafin kuɗinsa. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. A wurinmu ba ƙarami ba ne, domin idan kofi aka ɗaga sai a ce Faris, idan kuwa motoci aka ƙona ko 'yan sanda suka kai samame, nan take kowa ya tuna da Saint-Denis. Ina roƙon ma'aikatanka su riƙa ba kowane gari haƙƙinsa.

Amma abin da ya fi damuna ya wuce wannan. Samari na kirana daga gida, 'ya'yan 'yan'uwa da na abokai, kowa maganarsa ɗaya: "Kawu, so nake in zo Faris." Ba su san cewa da wuya ka sami ɗayanmu da ke kwana a cikin Faris ɗin ba. Muna shiga mu yi aiki, mu fito. Don haka bari in gaya musu yadda garin da za su sauka yake, da daɗinsa da ɗacinsa.

Faris ɗin da ake gani a hoto ba ta da wani girma. Faɗinta murabba'in kilomita 105 ne, mutanenta miliyan 2 da 'yan kai. Wata babbar hanyar mota mai tsawon kilomita 35, wadda aka kammala a 1973, ita ta kewaye ta. Daga bakin wannan hanya zuwa waje ne sauran mutum wajen miliyan 10 na yankin suke zaune, a garuruwan da suka manne da juna har ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma sai ka karanta allo. Wasu na masu hannu da shuni ne, kamar Neuilly a yamma. Wasu na masu neman na tuwo ne, irin su Aubervilliers da La Courneuve da namu. Muna cikin gundumar Seine-Saint-Denis, wadda kowa ke kira da lambarta, 93. Ranar 1 ga Janairun 2025 aka haɗe garinmu da maƙwabcinsa Pierrefitte, yawan jama'a ya kai kusan 150,000. A duk yankin yanzu babu garin da ya fi shi mutane sai Faris kanta.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, sarakunan Faransa a nan aka binne su. A tsakiyar gari akwai wata tsohuwar majami'a inda aka binne Sarki Dagobert a shekarar 639, daga baya ta zama makabartar gidan sarauta, har ana lissafa sarakuna 43 da sarauniyoyi 32. Shugaban wurin ibadar mai suna Suger ne ya sake gina sashenta na gabas, aka buɗe shi a 1144, da wani salo da ba a saba gani ba a lokacin: siraran ginshiƙai masu tsawo da manyan tagogin gilashi masu launi, yadda haske zai cika ɗakin. Daga nan salon ya bazu cikin Turai, kuma Notre-Dame ta Faris bayan ta aka soma gininta. A 1793 masu juyin juya hali suka tone kaburburan, suka zuba ƙasusuwan sarakunan a rami, har sunan garin suka canza ya koma Franciade na wasu shekaru.

Ni Musulmi ne, kuma na daɗe ina wucewa ta ƙofar ban shiga ba, sai da 'yata ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin abin da malaminsu ya nuna musu, ta ce lallai sai mun je tare. Kabarin da ya tsayar da ni shi ne na Sarki Louis na 12 da matarsa Anne. A sama an sassaƙa su durƙushe cikin kayan sarauta. A ƙasa, cikin rumfar dutsen, an sake sassaƙa su kwance a matsayin gawa, ba alkyabba ba kambi, bakin sarkin a buɗe, har ɗinkin da aka yi wa cikinsu an fito da shi a jikin farin dutse. Masassaƙin bai ɓoye komai ba. Majami'ar tana da hasumiya mai tsini da tsawa ta faɗa wa a 1837, aka sauke ta bayan wasu shekaru, kuma a 2025 aka soma sake gina ta. Ina son in ga ta miƙe, amma ina cikin masu cewa gidajen da ke kewaye da ita sun fi ta buƙatar gyara da gaggawa.

Taku kaɗan daga nan sai kasuwa. Tana ci ranakun Talata da Juma'a da Lahadi, kuma tana cikin manyan kasuwannin yankin baki ɗaya. Babbar rumfarta ta ƙarfe tun 1893 take tsaye. Ranar Lahadi da hantsi ko wurin sa ƙafa ba ka samu. Mahauci ɗan Aljeriya na sara rago, kusa da shi ɗan Maroko da tulin na'a-na'a da zaitun, matan Mali da Senegal na jan kekunan cefane cike da kuɓewa da doya da agada, can gefe ga masu atamfa da shadda. Idan azahar ta gabato, masu kayan gwari sukan karya farashi, kana jin suna kiran Yuro ɗaya, Yuro ɗaya, kuma iyalai da yawa wannan lokacin suke jira su yi cefanen mako. A bakin tashar jirgin ƙasa akwai wata kasuwar da hukuma ba ta yarda da ita ba: samari na gasa masara da tsire a kan keken kanti da suka ɗora wa gwangwanin gawayi, ido ɗaya a kan wuta, ɗaya a kan hanya. Da an hango 'yan sanda sai kowa ya ture kekensa ya ɓace. Yawancinsu ba su da takardar zama, kuma da yawansu a gida ana ce musu suna Faris.

Yadda garin sarakuna ya koma garin 'yan ƙwadago ba ɓoyayyen abu ba ne. Tsakanin Faris da tsohon garin akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira La Plaine. Da aka haƙa magudanar jiragen ruwa a 1821, layin dogo ya biyo baya, sai masana'antu suka cika filin: na ƙarfe, na sinadarai, na iskar gas. Faris ta tura hayaƙinta da warinta nan. Hannun aiki kuwa daga ko'ina aka samo shi. Da farko talakawan yankin Bretagne na cikin Faransa, sai 'yan Sifen da Italiya, sai Fotugal, sai Aljeriya da Maroko, sai Mali da Senegal. A unguwar Francs-Moisins dubban mutane sun zauna cikin bukkokin katako da langa-langa har farkon shekarun 1970, sannan aka rushe aka gina dogayen benayen da ke wurin yau. Shi ya sa daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu har zuwa 2020 'yan jam'iyyar Kwaminis ne suke riƙe da kujerar magajin gari. To, benayen ba su gama bushewa ba masana'antun suka soma rufewa. Aka bar mutane da gidaje, aikin da ya kawo su ya tafi.

Filin Stade de France a kan kangon masana'antar gas aka gina shi, aka buɗe a Janairun 1998, yana ɗaukar 'yan kallo wajen 80,000. A nan Faransa ta ci Brazil 3 da nema ranar 12 ga Yulin wannan shekarar, Zidane ya zura biyu da ka. Filin ya jawo tashoshin jirgi, tashoshin suka jawo manyan ofisoshi na gilashi, har kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar, SNCF, ya dawo da hedikwatarsa nan a 2013. A irin waɗannan ofisoshi nake aiki, sharar bene da goge-goge. Kafin asuba muke shiga, mu kwashe kwandunan shara, mu goge tebura da banɗakuna, injin tsotse ƙura na kuka cikin dogon falo babu kowa sai mu. Wajen ƙarfe takwas da rabi muna fitowa, su kuma ma'aikatan na ɓulɓulowa daga tashar jirgi da jakunkunan kwamfuta a kafaɗa. Da yamma jirgin ya mayar da su inda suka fito. Aiki na nan jibge a garin, amma kaɗan ne daga 'ya'yan garin ke zama a kan waɗannan kujeru. Mu ne masu shara da gadi da girki da kai saƙo a babur. Ban raina sana'ata ba, da ita na ciyar da iyalina, amma ina son 'ya'yana su shiga ginin nan da ƙarfe tara, ba su fito daga cikinsa a lokacin ba.

Ga lissafin da nake son samarinmu su yi. A farkon 2025 mafi ƙarancin albashi, bayan an cire na inshora da fansho, Yuro 1,426 ne a wata, ga mai cikakken aikin sa'o'i 35 a mako. Masu shara da yawa ba sa samun cikakkun sa'o'in. Katin jirgi da bas na wata a 2025 Yuro 88.80 ne, wanda ya ɗauke ka aiki kan biya maka rabi. Uwargidana tana kula da wata tsohuwa a cikin Faris, kullum da safe a layi na 13 na jirgin ƙarƙashin ƙasa take tafiya, a matse kamar goro cikin huhu, wani lokacin sai jirgi biyu sun wuce ta kafin ta sami shiga. Mutum a gida ya ji adadin albashin nan sai ya juya shi zuwa kuɗin ƙasarsa, ya ga ya zama attajiri. Ba ya lissafa haya.

Malam Edita, a kan haya nake son in daɗe, domin nan ne ake cin zalin mutanenmu. Ɗaki ɗaya mai ɗan kicin da banɗaki, a abin da na gani, da wuya ka same shi ƙasa da Yuro 700. Kafin mai gida ya ba ka mabuɗi zai nemi takardar zama, da takardun albashi na watannin baya, da shaidar cewa albashinka ya ninka hayar sau uku, sau da yawa har da wanda zai tsaya maka. Baƙon da ya sauka jiya ina zai samo waɗannan? Sai ya faɗa hannun masu kasuwancin wurin kwana. Su waɗannan sukan sayi ruɓaɓɓen gida a tsakiyar gari, su yanyanka shi da katako, su riƙa sayar da katifa ɗaya-ɗaya. Na kai wa wani yaro ɗan abokina kaya a irin wannan ɗaki. Matakalar benen na motsi ƙarƙashin ƙafa, babu fitila sai na kunna ta waya. A ciki gadaje masu hawa biyu ne guda uku jere da bango, bangon ya yi baƙi da danshi, tagar an toshe ta da kwali saboda sanyi. Soket ɗaya ne ke ɗauke da na'urar ɗumama ɗaki da tukunyar dafa shinkafa da cajar kowa, wayar ta yi zafi har ina jin ƙaurinta. Masu aikin dare na kwance, masu aikin rana sun fita, da magariba su yi musaya. Kowannensu yana biyan sama da Yuro 200 a wata, hannu da hannu, ba rasit. Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa mahaifinsa ba, sai ya ce, "Baba, gonarsa ya sayar na zo. Da wane baki zan faɗa masa?"

Irin waɗannan gidaje suna kashe mutane. A Satumbar 2012 gobara ta ci rai 3 a titin Gabriel-Péri, a Yunin 2016 wata ta ci rai 5 a titin Paul-Éluard. Hukumar gari ta kawo tsarin neman izini kafin a ba da hayar tsohon gida a wasu unguwanni, kuma ana gurfanar da wasu masu gidajen, amma wanda ba shi da takarda tsoron kai ƙara yake, gani yake shi za a fara kamawa. Akwai abubuwan da ya kamata kowa ya sani: mai gida ba shi da ikon fitar da kai da hannunsa sai da hukuncin kotu, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta hana korar ɗan haya, wanda kuma ya rasa wurin kwana yana iya kiran lamba 115 kyauta, ko da yake a 93 sau da yawa za a ce maka wuri ya cika. Gidajen gwamnati masu sauƙin haya suna da yawa a garinmu, a ɗaya daga cikinsu nake zaune yanzu, amma layin jira na shekaru ne. Dokar da aka yi a 2000 ta tilasta wa manyan garuruwa su ware kaso na gidajensu ga masu ƙaramin ƙarfi, daga baya aka ɗaga shi zuwa kashi 25 cikin 100. Saint-Denis ta wuce wannan nesa ba kusa ba. Neuilly ko kashi 10 ba ta kai ba, ta gwammace ta biya tara. To ina talaka zai nufa in ba wurinmu ba?

Batun takarda kuwa sai ƙara tsauri yake. Umarnin da ministan cikin gida ya fitar a Janairun 2025 ya nuna cewa wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba sai ya kai shekara 7 a ƙasar kafin a saurari buƙatarsa ta hanyar da aka saba, kuma ko ya kai ba tabbas. Shekara bakwai kana aiki da sunan wani, kana ba shi kamasho daga albashinka, mahaifiyarka ta rasu ba ka iya zuwa jana'iza don in ka fita ba dawowa. Gaskiya ne, yaro na shiga makaranta kyauta ko iyayensa ba su da takarda, kuma bayan wata 3 marar takarda na iya neman katin magani na gwamnati. Wannan alheri ne kuma ban ɓoye shi ba. Amma bai kai ya zama dalilin da mutum zai bi ta hamada da teku ba.

Sannan ita gwamnatin ƙasa ba ta riƙe mu da hannu biyu ba, kuma ba ni na faɗa ba. A 2018 'yan majalisa biyu, François Cornut-Gentille da Rodrigue Kokouendo, sun gabatar da rahoto a kan 93 wanda ya nuna cewa a makarantu da ofisoshin 'yan sanda da kotuna, gundumar da ta fi kowa buƙata ita ake ba ƙasa da rabonta. Sabbin malamai ake turo mana, da sun ƙware su nemi canjin wuri. Abin ya kai a 2019 gwamnati ta yi alkawarin Yuro 10,000 ga ma'aikacin da ya daure ya yi shekara 5 a nan. Wajen kashi 28 cikin 100 na mutanen gundumar suna cikin talauci, kusan ninki biyu na ƙasa baki ɗaya. Ɗana ya taɓa yin makonni ba malamin lissafi, ba a turo madadi ba, kuma a ƙarshen shekara jarrabawa ɗaya ya zauna da yaran da ba su rasa darasi ko ɗaya ba. Da cutar korona ta zo a Maris da Afrilun 2020, mace-mace a 93 sun ninka na irin wannan lokaci a 2019 fiye da sau biyu. Dalili a fili yake: masu ofis sun koma aiki daga gida, mu kuwa mu ne masu sharar asibiti da zaman kanti da tuƙin bas, muna dawowa mu kwana cikin cunkoso.

Ba zan ce garin lafiya lau yake ba. Ana sayar da ƙwaya a gindin wasu benaye, ana fizge waya a tasha, kuma mu mazauna mu ne farkon waɗanda abin ke ci. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai ranar 28 ga Mayun 2022, tsakanin Liverpool da Real Madrid, wasu ɓata-gari sun yi wa baƙi ƙwace a bakin fili, abin ya ba mu kunya ƙwarai. Amma 'yan sanda ma sun fesa wa masu tikiti barkonon tsohuwa, kuma binciken da aka yi daga baya ya ɗora babban laifin a kan hukumar ƙwallon Turai da ta shirya wasan. Haka a Nuwambar 2015. Ranar 13 ga wata 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bam a wajen filin, ranar 18 'yan sanda suka yi dirar mikiya a wani gida na titin Corbillon inda jagoran maharan ya ɓuya. Duniya ta ga hoton, ta ce garin matattarar 'yan ta'adda ne. Ba a cika ba da labarin iyalan da ke haya a wannan bene ba, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, aka fito da su da kayan barci, wasunsu suka yi shekaru suna neman matsuguni.

Tsoron da ke hana ni barci shi ne na uba mai ɗa namiji. Ranar 27 ga Oktoban 2005, a Clichy-sous-Bois da ke cikin gundumarmu, Zyed Benna mai shekara 17 da Bouna Traoré mai shekara 15 suka gudu daga 'yan sanda, suka ɓuya a tashar lantarki, wuta ta kashe su. Aka yi mako uku ana tarzoma har aka kafa dokar ta-ɓaci. A Yunin 2023 ɗan sanda ya harbe Nahel, shi ma ɗan shekara 17, a Nanterre, wuta ta sake tashi. Ban goyi bayan ƙone-ƙone ba ko kaɗan, domin bas ɗinmu da makarantunmu ake ƙonawa. Amma kullum ɗana zai fita sai na ce masa, "Ka ɗauki katinka? In an tsayar da kai kada ka gudu, kada ka ɗaga murya, ka fito da hannunka daga aljihu." A nan aka haife shi, Bafaranshe ne a takarda da harshe, kuma ya kan tambaye ni me ya sa shi ake tsayarwa. Duk da haka, yaran nan na fita kunya. Jami'ar Faris ta 8, wadda aka dawo da ita garinmu a 1980, cike take da 'ya'yan masu shara da direbobi. A benenmu kaɗai akwai ma'aikaciyar jinya da mai karatun lauya, iyayensu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Su ba a ɗaukar hotonsu.

Ta fuskar addini, muna sallarmu, masallatai na cika ranar Juma'a har a yi sallar sau biyu a wasu wurare, naman halal kuwa ko'ina akwai. Sai dai mai zuwa ya san dokar ƙasa. Tun 2004 yarinya ba ta shiga makarantar gwamnati da ɗankwali, a 2023 aka haɗa da abaya. Layya ba a yanka ta a gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mamaci ba a binne shi sai ya cika sa'o'i 24, kuma a cikin akwati. Akwai makabartar Musulmi a Bobigny tun 1937, wasu garuruwan kuma sun ware sashe, amma kabari a nan yawanci na wa'adi ne, ana biya ana sabuntawa. Shi ya sa muke da asusun da kowa ke zuba wani abu duk wata, don mayar da gawa gida ko sayen wuri a nan. Duk wanda ya zo, kafin ya sayi sabuwar waya, ya nemi irin wannan asusu ya shiga.

Wasannin Olamfik na 2024 sun canza fuskar garin, ba na musu. A Yunin wannan shekarar layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso tashar Pleyel da ke garinmu, yanzu cikin mintuna kaɗan kana tsakiyar Faris. An gina babban wurin ninƙaya daura da filin wasa, a gundumar da kusan rabin yara ke shiga sakandare ba su iya ruwa ba. Unguwar da 'yan wasa suka sauka, wadda ta ratsa Saint-Denis da Saint-Ouen da L'Île-Saint-Denis, ana mayar da ita gidaje wajen 2,800. Na yi murna da duk wannan. Amma na ga abin da ya gabace shi. A Afrilun 2023 aka kwashe mutum wajen 400, akasarinsu 'yan Chadi da Sudan, daga wani kangon kamfanin siminti da ke kusa da wurin, aka watsa su. Yanzu kuma masu kuɗin da Faris ta yi wa tsada sun gano cewa garinmu kusa yake. Ana gyara tsofaffin gidaje, abin da muka daɗe muna roƙo, amma da an gama fenti sai haya ta tashi, wanda ya sha danshin gidan shekara da shekaru ya tattara ya koma can nesa, inda sai ya yi sa'a biyu a jirgi kafin ya iso ofishin da zai share. Maƙwabtana biyu sun riga sun tafi. Idan za a gyara gari, a gyara shi da mutanen da ke cikinsa, a kuma tilasta wa garuruwan masu kuɗi su gina nasu kason.

Saƙona na ƙarshe ga iyaye da 'yan'uwa ne a gida. Idan ɗanku ya ce zai taho, ku tambayi wanda zai sauke shi: a ina zai kwana, su nawa ne a ɗakin, sunan wa ke kan takardar haya, da wace takarda zai yi aiki? In amsar ba ta fito sarai ba, kada a sayar da gona. Wanda kuma ya riga ya zo, idan ya ce muku ba shi da abin aikowa wannan watan, ku yarda da shi, domin matsin lambar gida na cikin abin da ke tura yaranmu hannun masu ƙwaya. Mu ma da ke nan, mu riƙa aika hoton ɗakin da muke kwana tare da na hasumiyar Eiffel. Ina kuma roƙonka, Malam Edita, idan 'yan'uwa mazauna Montreuil ko Sarcelles ko Aubervilliers suka rubuto nasu bayanin, ka buga, domin kowane gari da irin nasa hali, ni nawa kawai na sani da kyau.

Allah ya ƙara wa jaridarku albarka. Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Saint-Denis, Faransa